Sarkin Kwali

Kafin Baba ya gama sanyaya mata shayi, Mama ta riga ta kafe idanu a kan talabijin. Fim ɗin nan ne dai, na jiya da shekaranjiya.

Tsohon fim ne, tun na zamanin da ake bin layi a ƙofar silima. Wani sarki matashi ya yi rantsuwa sai mulkinsa ya kai daga teku zuwa teku. Ya ci garuruwa kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har ya iso birni na ƙarshe, inda ya hango 'yar sarkin garin a saman ganuwa. In ya ƙone birnin ya rasa ta, in ya bar shi ya rasa duniya.

Autarsu ce ta kawo faifan fim ɗin bayan an sallamo Mama daga asibiti, wai likita ya ce a riƙa nuna mata abubuwan da ta sani a da, ko tunaninta zai dawo. Tun ranar Baba ya zama kujera a gidansa.

Shi ke mata wanka. Shi ke yanke mata farce, ya jera mata magunguna a faranti. Ladansa bai wuce kallon da ake yi wa baƙo a tasha ba. Amma da zarar wancan ɗan banzan ya cire hular ƙarfe ya ɗaga gira, sai fuskarta ta washe har wushiryarta ta bayyana.

Baba ya fara yi masa tonon silili. Ya ce wa Auta gemun nan da danƙo aka liƙa shi, rawanin zinariyar kwali ne, kuma a kan akwati yake tsaye don kada gimbiyar ta fi shi tsawo. Tabon girarsa ta hagu da mata ke mutuwa a kai, su ce saran takobi ne? Ƙarfen fitila ne ya faɗo masa wajen ɗaukar fim.

"Baba, kishi da hoto?" in ji Auta, tana dariya.

"Ba hoto ba ne, ɓarawo ne."

Ranar da abin ya kai masa iya wuya, ya zare faifan ya tura ƙarƙashin katifa. Mama ta wuni tana kallon baƙin gilashi. Ta ƙi shayi, ta ƙi magani. Ya rera mata waƙar fim ɗin da muryarsa da ta dusashe, ko ta waigo. Ko gezau.

Washegari, da ya ga cokali ya sake dawowa a cike, ya ɗaga katifa da kansa.

Aka zo wurin da sarkin ya ajiye takobi a ƙofar birni. Baba ya je ya tsaya tsakaninta da talabijin, ya ture hularsa baya, ya miƙe gadon bayansa iya yadda zai miƙu, yana faɗin kalaman sarkin tun kafin sarkin ya buɗe baki.

Mama ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Bawan Allah," ta ce a hankali, "ɗan matsa mana. Ka tare mini mijina."

Baba ya matsa gefe, yana shafa tsohon tabon da ke girarsa ta hagu.