Allon da Baba Ya Zaɓa

"Miƙo min in taɓa," in ji Baba.

Mai shago ya ajiye madabod biyu a kan kanta, allon da duk kayan kwamfuta ke hawa kansa. Kuɗin guda ɗaya gare ni, kuma wannan ce kwamfutar farko da zan haɗa da hannuna. Baba gyaran rediyo yake yi kafin idanunsa su mutu, shi ya sa ya nace sai ya rako ni.

Ya shafa na farko, ya taɓe baki. Ya shafa na biyu, fuskarsa ta washe.

"Wannan ya fi nauyi, 'yata. Aikin ƙwarai ne."

Ina kallo babban yatsansa ya nutse cikin ramin tsakiyar allon, inda ake dasa ƙwaƙwalwar kwamfuta, siraran alluran da ke ciki suka kwanta kamar ciyawar da aka taka. Allon ya tashi daga aiki. Mai shago ya buɗe baki, na girgiza masa kai.

"Na zaɓa daidai ko?" Baba ya tambaya.

"Daidai, Baba."

Na biya. Shi ya rungumo kwalin har gida, yana ta ja min kunne kada in bar kowa ya taɓa.