Ƙullutun Lamba Biyar

Sai da ta rufe ido ruf sannan ta miƙa hannu a ba ta salula ta uku.

Uban ya dubi mai shago, mai shago ya dubi uban. Uban ya kawo 'yarsa kasuwar Tanut ne ta zaɓi wayarta ta farko, tunda za ta bar Falanko ta zauna wurin gwaggonta ta shiga kolej. Ya zaci masu faffaɗan gilashi za ta ruga wa. Ta shafa su, ta ture. Ta ɗauki wata 'yar ƙarama mai madannai, tana lalube kamar mai tsince tsakuwa a gero.

"Uwata, wannan fa ko hoto ba ta ɗauka."

"Ita nake so, Baba."

Ta raɗa wa mai shago wata magana, ya daddanna, ya miƙo mata. A mota uban ya yi ta satar kallonta, ya kasa gane kanta.

Suna isa gida, ko ruwa ba ta sha ba ta faɗa ɗakin kakarta, wadda yanar ido ta rufe wa gani. Ya laɓe a bakin ƙofa.

Ta kama yatsan tsohuwar ta ɗora a tsakiyar madannan wayar, kan lamba biyar.

"Kaka, kin ji ɗan ƙullutun nan? Ki danne, kar ki saki. Wayar Gwaggo zai kira, ni zan ɗauka."

Tsohuwar ta danne. Da ɗayan hannun ta lalubo na jikarta, shi ma ta ƙi saki.