Tsatsar Motar Filibus

Tabon bai fi ƙwayar gero uku ba, amma Filibus ya hango shi tun daga bakin zaure. Ja-ja, a kusurwar hagu ta ƙarfen gaban mota, wanda masu tuƙi ke kira parshok. Ya durƙusa ya sa farce. Fenti ya ɓare. Tsatsa ce.

Cikin bazarar 1963 ne, wata biyu da ma'aikatar kiwo ta Tawa ta sami sabuwar akori-kura, fara fat, aka damƙa masa. Shekara tara ya yi yana jan tsohuwar da ba ta tashi sai an tura. Ran da aka miƙa masa makulli, Mushe Attaher (Mushe, wato Malam a bakin 'yan bokon Faransanci), likitan dabbobi kuma shugaban ma'aikatar, bai ja magana ba: ƙarshen damina sufeto zai zo daga Yamai, duk shofer, wato direba, da aka sami motarsa da aibi, gadi zai koma.

Ma'aikatar ba ta da rumfa, don haka motar a gidansa take kwana. Saboda ita ma ya canja gida zuwa mai faffaɗan tsakar gida, suka tare a gurguje, har matarsa Lidiya ta baro rabin tarkacen madafinta a tsohon.

Abin da ya ɗaure masa kai, Tawa ba garin tsatsa ba ne. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna.

Ya samo sanfefa ya goge wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli. Lidiya ta kawo masa ruwan sha, ta tsaya tana kallo, ta shafa gefen da ɗan yatsa.

"Baban Jummai, da ka bar shi hakanan. Ya hi kyau."

Ya yi dariya, ya ce ina mace ina sanin ƙarfe. Ya shafa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa, ya bari ya bushe, ya bi da fari har sau biyu.

Kwana shida, fentin ya kankare. Tsatsa ta dawo, ta kai tsawon ɗan yatsa.

Da farko ya ɗora wa ƙayar hanyar Afala laifin. Sai ya riƙa tuƙi yana kauce wa kowane ɗan kurmi na hagu, har ya kusa kifar da masu allurar shanu a wani kwazazzabo. Ya sake fenti. Ya sake kankarewa.

Daga nan zarginsa ya koma kan ragon maƙwabcinsa Alƙasum, wani mai murɗaɗɗen ƙaho da ke yawan leƙo gidan. Aka yi cacar baki ta kan katanga. Alƙasum ya rantse ragonsa bai san mota ba, sannan don fushi ya kai shi kasuwar Barmu ya rabu da shi. Mazan suka daina gaisawa. Matan kam ko a jikinsu: Habsatu matar Alƙasum ba ta fasa shigowa kullum da azahar ba, lokacin da Filibus ke ɗan barcinsa na rana, wani lokaci da maƙwabta biyu uku, kowacce da kwanonta a rufe.

Rago ya tafi, tsatsa ba ta tafi ba. Ta kai taƙi guda.

Filibus ya fara ramewa. Ya tsaya gaban motar da Littafi Mai Tsarki ya karanta mata Zabura biyu. Da hakan bai yi ba, ya karɓi wata laya daga hannun wani makiyayi a Tebaram, ya ɗaure ta can ƙarƙashin parshok inda fasto ba zai gani ba. Abin da kawai ke sanyaya masa rai a kwanakin nan shi ne tukunyar Lidiya. Bai taɓa ganin hannunta ya faɗa haka ba: kuɓewa sirara-sirara, nama kamar takarda, har abokan aikinsa ke roƙon kilishinta.

Saura kwana goma sufeto ya iso, ya tafi wurin Mushe Attaher, hula a hannu. Ya ce a ba shi izini ya kafa rumfar zana a ma'aikata da kansa, motar ta riƙa zama can, shi ya je gida a ƙafa. Aka ba shi. Ya goge, ya shafa ja, ya shafa fari, karo na bakwai. Kullum da safe, kafin ya gaida kowa, parshok yake fara gaidawa.

Fenti ya zauna daram.

Sufeto ya zo, ya zagaya motar sau biyu, ya shafa ƙarfen gaba da farin hankici, ya ce daga Gaya har Agadas bai ga motar gwamnati mai tsabtarta ba. Mushe Attaher ya miƙa wa Filibus hannu a gaban jama'a.

Ya dawo gida yana tafiya kamar ƙasa ba ta ishe shi ba. Ya fara tsayawa wurin Alƙasum ya ba shi haƙuri, ya wanke ragon da tuni aka cinye. Sannan ya shiga ciki. Lidiya na zaune bakin murhu tana ta fama da wata tsoka, tana ja tana tsaki.

"Na gano ta," in ji shi. "Ƙasar gidan ga ce. Kanwa gare ta, tururinta ke cin ƙarhe. Motar ba ta ƙara kwana nan."

Lidiya ta ɗago wuƙa ta gwada bakinta a farce, ta girgiza kai.

"To, sai ka sawo muna dutsin wasa wuƙa, Baban Jummai, don duk unguwar ga da gehen ƙarhen motarka muke wasawa."