Masunci a Busasshen Kogi

Wani mutum ya ce wa wani dattijo, in da Allah yana nan, ai da bai ɓuya wa masu nemansa ba. Dattijon bai yi masa gardama ba, sai ya ba shi wannan misali.

An yi wani masunci, haifaffen bakin tafki, wanda tun da ya buɗe ido bai taɓa neman ruwa ba, ruwa ne ke zuwa har ƙofar ɗakinsa. Wata shekara da rani ya ɗora wa jaki bandar kifi, shi da tsohon mahaifinsa suka nufi wata kasuwa can arewa. A hanya ƙaya ta huda salkarsu, ba su ankara ba sai da ta tsiyaye. Rana ta take, tsoho ya fara layi, harshensa ya kafe. Da ƙyar suka kai wani kogi, sai suka tarar da yashi fari fat, ko laima babu. Masuncin ya kwantar da uban a inuwar gaɓa, ya bi kogin sama, ya bi shi ƙasa, yana ta dube-dube. Mutanen wannan ƙasa in rani ya yi, durƙusawa suke yi su tona yashi da ƙoƙo su ɗiba, iska ta rufe ramin a bayansu. Shi kuwa gogan naka a ruwa ya girma, bai ga wanda zai koya masa halin ruwa ba. Ya dawo ya ce, "Baba, babu. Ruwa ba ya ɓuya. Da akwai, da na gani." Ya zauna yana yi masa fifita da hula, yana ɗaga kai ko hadari zai taso, a tsakiyar rani. Kafin la'asar tsoho ya cika.

Ba shi da fartanya, ƙasar gaɓa kuma ta yi tauri kamar dutse, don haka ya gangara cikin yashi ya fara haƙa kabari da hannu. Ramin bai kai gwiwar hannu ba ya ji sanyi a yatsunsa. Ya ƙara kwasar yashi kaɗan, sai ga ruwa yana tsattsafowa, garai-garai, har ya taru. Ya daɗe yana kallonsa, baƙin ciki ya hana shi ko kurɓa. Da wannan ruwa ya yi wa mahaifinsa wanka.

Dattijon ya ce, shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.