Fayil Biyu da Gonakin Ƙarshen Magudana

Ga misali, ki saurara da kyau. A wani ƙauyen bakin kogi akwai manoman rani da suka haɗa kai, kwamfuta mai manhajar Linux ke buɗe musu famfunan ban-ruwa, kowace gona da lokacinta. Wani magidanci ne ya saita ta da hannunsa. Da karatu ya kai shi gari mai nisa, sai ya bar ta a hannun matarsa, wadda ta koyi aikin tana zaune a gefensa tana tsinke zogale. Wata safiya ta sabunta manhajojin kwamfutar, kamar yadda mijin ya saba yi. Da aka gama, kwamfutar ta sanar da ita cewa ta tarar an yi gyara da hannu a fayil ɗin saiti, wanda ke tsara aikin famfunan, don haka ba ta danne shi ba, ta ajiye sabon da sabuntawar ta zo da shi a gefensa. Zaɓi ya rage gare ta. Ga albasa ta fara kai, kwana biyu babu ruwa ya isa ya kashe ta. Shugaban manoma ya leƙo ya ce, “Uwargida, share tsohon kawai, masu manhajar sun fi mu sani.” Wani dattijo daga bayansa ya ce, “Ahaf! 'Yata, bar mana wanda muka sani.”

Ta gaishe su, ta ba su ruwa, ba ta bi ko ɗaya ba. Ta kwafi tsohon ta adana, sannan ta jera fayilolin biyu a allo, tana bin su layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A sabon ta ga an toshe wata kafa da ɓarayin intanet ke shigowa ta ciki, an kuma sauya wa saiti ɗaya suna, wanda in an bar shi da tsohon sunansa famfo ba zai tashi ba. A tsohon kuwa ta iske layi uku da babu su a sabon. Saman na ukun mijin ya bar ɗan bayani: “Ƙarshen magudana jigawa ce, tana shanye ruwa. A ƙara mata minti arba'in. Matata ce ta lura.” Bai taɓa gaya mata ya rubuta haka ba. Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta ɗebo ukun ta dasa su cikin sabon, har da bayanin, ko wasali ba ta rage ba. Ta gwada, famfo ya yi tari ya kama. Da la'asar ta taka har gona ta ƙarshe, ta wata gwauruwa, ta tsaya a kan kunya tana kallon ruwa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, zaninta ya jiƙe ba ta ja da baya ba.

Masu sabon fayil sun san ɓarawo, mai tsohon ya san ƙasa. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.