Jakar Maganin Amos

"Kar ka manta jakar maganinka," in ji Grema. "Akwai macizai a bakin kogin Kumadugu."

Amos ya yi dariya. Tun da aka turo shi asibitin Diffa, daga aiki sai gida. Maƙwabcinsa Grema ne ya shirya musu yawon ƙarshen mako: su bi kwarin a ƙafa ranar Asabar, su ga gonakin tattasai.

"Ka tabbata babu haɗari?"

"Haba likita! Kai da ka ceto mini 'yata Yakaka daga ƙyanda?"

Kwana biyu Amos bai ga yarinyar ba. An ce tana wajen kakarta.

Suka yi nisa. A mashigin kogi, wasu maza suka fito daga cikin kurmin geza da bindigogi, Yakaka a tsakaninsu, ko takalmi babu.

Babbansu ya dubi jakar. "Shi ne likitan?"

Grema ya gyaɗa kai. Ya ja hannun 'yarsa, ya juya, ya bar musu Amos.

Yarinyar kaɗai ta waiwayo.

"Baba likita, kai ba ka zuwa?"