Kwalkwali Mai Araha

Asabar, 14 ga Maris, 2015. Gari ya waye da yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa.

Hasiya ta bar gidanta na garin Woodbridge da zarar Olive, matar da ke zuwa taimaka mata, ta shigo. Ta hau babban titi mai lamba 95, ta nufi garin Lanham. Jiya ta ga tallar a intanet: kwalkwalin ƙarfe da sulke irin na mayaƙan Turai na da, da araha. Mai sayarwa, Gregory, ya ce mata a waya akwai wata mata da za ta zo ɗaukar wa ɗanta kafin azahar. Wanda ya riga zuwa shi ke da kaya.

Dole ta riga ta.

Ɗanta Khalil ne ya sa ta san wannan harka. Tun yana sakandare ya shiga ƙungiyar masu kwaikwayon yaƙin zamanin da, waɗanda kan taru a fili ranar hutu, su sa sulke, su yi ta saran juna da takubba marasa kaifi. Kayan kirki tsada gare su. Iyaye da yawa mai sauƙi suke nema.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Maitama, daga wurin aiki.

"Maman Khalil, wani kika sake gani ke nan?"

"E."

"Har yaushe za a yi ta wannan?"

"Ina tuƙi, Baban Khalil."

Gregory ya shimfiɗa kayan a kan tebur cikin garejinsa. Sulken ko kallo bai ishe ta ba. Ta ɗauki kwalkwalin, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta saurara. Ƙararsa kamar ta gwangwanin madara.

"Ba za ki auna ba?" in ji shi. "Kan yaron babba ne?"

"Ba sai na auna ba."

"Gaskiya na ado ne, na ajiyewa a falo. Amma samari na cusa masa soso su shiga fili da shi. Ba abin da ke faruwa." Ya yi dariya.

Ba ta taya shi dariyar ba. Ba ta nemi ragi ba. Ta tambaya ko yana da wani, ya ce shi ke nan.

Tana rufe bayan mota sai ɗaya matar ta iso, ta fito ba ko lema.

"Haba, baiwar Allah! Tun bara ɗana ke jiran irin wannan."

"Ki yi haƙuri," in ji Hasiya, ta tada mota.

Ruwan bai ɗauke ba har ta koma gida. Ta shiga gareji, ta ajiye kwalkwalin a kan siminti, ta ɗauko guduma. Bai yi gardama ba. Da ya baje, ta ɗora shi a kan sauran da ke jere a jikin bango.

Ta wanke hannu, ta shiga ɗakin da ke ƙasan bene, ta karɓi cokali daga hannun Olive, ta ci gaba da ba Khalil abinci a baki, kamar yadda take yi tun ranar da ya shiga fili da irin wannan kwalkwali, wanda ita ta zaɓa masa saboda araha.